Mene ne "zato" a harkar manhaja?

Idan masu rubuta manhaja suka ce zato, suna nufin duk abin da suka ɗauka haka yake, kuma haka zai dawwama, har suka ɗora aikinsu a kansa. Wani zaton a kan rubuta shi a ajiye. Mafi yawa kuwa a cikin kan mai rubutun yake tsayawa, domin a lokacin ba ya ganin abin tambaya ne.

Mu mazauna Saudiyya mun sha ganin yadda zato ke rushewa idan dokar ƙasa ta canza. Har zuwa Yunin 2013, Alhamis da Juma'a ne hutun mako, sai aka mayar da shi Juma'a da Asabar. Duk manhajar lissafin ranakun aiki da aka kafe wa Alhamis a matsayin hutu ta koma ba da lissafin ƙarya, alhali ko harafi ɗaya bai canza a cikinta ba. Haka harajin sayayya: an fara shi da kashi 5 cikin ɗari a Janairun 2018, ya tashi zuwa kashi 15 a Yulin 2020. Ɗan kasuwar Jidda ko Makka da aka rubuta wa 5 ɗin a wurare barkatai cikin manhajar shagonsa, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ware wa gurbi guda na sauya adadin kuwa, aikin minti kaɗan ne.

Masanin kwamfuta Manny Lehman, wanda ya fara fitar da dokokinsa kan sauyawar manhaja a 1974, ya daɗe yana jan hankali a nan: manhajar da ke hulɗa da rayuwar mutane dole a riƙa gyara ta, in ba haka ba amfaninta ya yi ta raguwa. Wani lokacin asarar ba ƙarama ba ce. A 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta, saboda an ɗauko mata manhajar Ariane 4, rokar da ta gabace ta, da zaton wani adadi mai alaƙa da gudu ba zai wuce wata iyaka ba.

A ganina, wahalar mai gyara ba ta cika zama sabon rubutu ba. Tono zaton wani ne, wanda wataƙila iƙamarsa (izinin zamansa a Saudiyya) ta ƙare tuni ya koma gida, bai bar ko layi biyu na bayani ba.