Waiwaye: Yadda Aka Raunana Gaɓar Birane Kafin Teku Ya Taso

Yashin bakin teku ba zaune yake wuri ɗaya ba. Igiyar ruwa tana bugun gaɓa a karkace, ta kwashi yashi nan ta ajiye shi can gaba, koguna kuma suna kawo sabo daga tudu. Muddin abin da ke shigowa ya kai abin da ke fita, gaɓa tana nan inda take. Ranar da aka tare wa yashin nan hanya, ranar matsalar biranen bakin teku ta soma.

Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Jirage sun samu hanya, amma yashin da ke tafiya daga yamma zuwa gabas ya jibge a bayan katangar yamma, gaɓar Bar Beach da ke gabas ta rasa mai ciyar da ita. Daga 1958 aka yi ta zuba mata yashi, teku yana kwashewa. A Masar madatsar ruwa ta Aswan, da aka kammala a 1970, ta riƙe lakar Kogin Nilu, sai bakin kogin a garin Rashid ya yi ta ja da baya.

Ƙasar ma kanta nutsewa take yi. In aka zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin burtsatse, lakar da ke ciki sai ta matse, kuma ba ta sake kumbura. Wasu unguwannin gabashin Tokyo sun nutse fiye da mita 4 kafin dokokin taƙaita zuƙar ruwa su tsayar da abin a shekarun 1970. A arewacin Jakarta an auna wuraren da ke nutsewa santimita 25 a shekara.

A kan wannan rauni ne ɗumamar yanayi ta sauka. Daga 1901 zuwa 2018 tsayin ruwan teku ya ƙaru da kimanin santimita 20, domin ruwa in ya yi ɗumi yana ƙara girma, ga ƙanƙara tana narkewa. Saurin ne abin tsoro: milimita 1.3 a shekara kafin 1971, milimita 3.7 tsakanin 2006 da 2018. A bakin magudanai ake fara ganin illar. In mamakon ruwan sama ya zo daidai da cikar teku, kwalbati ba ya iya amayar da ruwa, sai ya koma cikin gidaje.

Gyaran gaggawa kuwa sau da yawa ƙara dagula al'amari yake yi. Katangar kankare tana mayar da ƙarfin igiya, ruwa ya yashe gindinta, zaizaya ta koma kan maƙwabtan da ba su da katanga. A watan Oktoban 2003, don ceton birnin Saint-Louis na Senegal daga ambaliyar kogi, aka yanka hanyar ruwa mai faɗin mita 4 a zirin yashin Langue de Barbarie. Hanyar ta buɗe har ta kai kilomitoci, teku ya cinye ƙauyen Doune Baba Dieye, mutanensa suka tashi.