Kendo

Kendo wasan takobi ne na Japan, wanda mutum biyu ke karawa da sandunan gora, kowa da sulkensa. Ya fito ne daga dabarun sara na mayaƙan samurai, amma yau 'yan makaranta da 'yan sanda har da tsofaffi masu furfura duk suna yinsa. A Koriya ana kiransa kumdo.

Tarihi

A da, masu koyon takobi a Japan da takobin itace suke gwaji, kuma ba a sakin sara da gaske, don kada a karya abokin horo. A farkon ƙarni na 18 wani malami mai suna Naganuma Kunisato ya inganta sandar gora da kayan kariya, har ya zama ana iya kai duka da cikakken ƙarfi ba tare da an ji mummunan rauni ba. Da gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi a 1876, sana'ar ta kusa mutuwa. Wasu malamai suka koma nuna gwaninta a bainar jama'a ana biyan kuɗin kallo. Abin da ya cece ta shi ne 'yan sandan Tokyo, waɗanda suka sa ta cikin horonsu bayan tawayen samurai na yankin Satsuma a 1877, kuma har yau yawancin zakarun Japan 'yan sanda ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka da ƙawayenta da suka mamaye Japan sun haramta wasan, saboda yadda aka yi amfani da shi wajen cusa wa matasa aƙidar yaƙi. Ya dawo sosai a 1952 da aka kafa hukumar kendo ta Japan. An kafa ta duniya a 1970, shekarar da aka yi gasar duniya ta farko, wadda a al'ada ake yi duk shekara uku.

Kayan wasa da horo

Sandar sunanta shinai. Tsagin gora huɗu ne aka haɗa da fata da igiya, ta babban mutum ba ta wuce santimita 120 ba, kuma ta namiji ba ta gaza giram 510 ba. Igiyar da ke bin tsawonta ita ce bayan takobi, ɗaya gefen kuma kaifi, don haka duka da gefen igiya banza ne. Sulken kashi huɗu ne: men na kai da fuska, kote na hannu, do na ƙirji da ciki, sai tare mai kare ƙugu. Riga da buje mai faɗi yawanci rinin shuni ne, kuma babu takalmi.

Sabon shiga yakan daɗe bai sa sulke ba. Tafiya zai fara koya: ƙafar dama gaba, diddigen hagu a ɗage, ana jan ƙafa a kan katako ba a ɗaga ta. Sai saran iska, suburi, ɗaruruwa a jere har kafaɗa ta yi tsami, tafin hannun hagu ya yi kanta. Akwai kirikaeshi, inda ake jera sara a gefen kai dama da hagu, ana gaba ana baya cikin numfashi ɗaya in so samu ne. Akwai kuma kata, wato tsararrun jerin sara da kariya da mutum biyu ke yi, guda 10 da aka tsara a 1912, waɗanda ake yi da takobin itace. Da durƙuso da gaisuwa ake buɗe horo, da su ake rufewa.

Cin maki

A nan ne baƙo ya fi rikicewa. Zai ga an rafka wa mutum sanda a ka, ya ji ƙarar, amma alƙalai ko gezau. Dalili shi ne taɓa jiki kaɗai bai isa ba. Wuraren da ake nema huɗu ne, wato kai, wuyan hannu, gefen ciki, da suka a maƙogwaro (ba a yarda yara su yi wannan ba). Dole dukan ya sauka da ɓangaren sanda na kusa da tsini, kuma abu uku su faɗo lokaci guda: ihun da ke kiran sunan wurin, saukar sanda, da motsin jiki, wanda yawanci buga ƙafar dama a ƙasa ne. Bayan nan sai zanshin, wato mai dukan ya wuce, ya juyo, ya tsaya a shirye kamar abokin karawarsa zai rama. Wanda ya ɗaga hannu yana murna, ana iya soke masa makin da ya riga ya ci.

Filin murabba'i ne, mita 9 zuwa 11 kowane gefe. Alƙalai uku ne, da tuta ja da fara, kuma sai biyu sun yarda. Wanda ya riga samun maki biyu ya yi nasara. Ba a raba 'yan wasa bisa nauyi. Mai kallo da ya ƙware ba dukan yake jira ba, abin da ke faruwa kafin dukan yake kallo: tsinin sanduna biyu suna goga juna, kowa na neman ƙwace tsakiya, har ɗaya ya tsorata ko ya yi gaggawa ya buɗe kansa. Shi ya sa dattijo mai shekara 70 kan wahalar da saurayi ba tare da ya motsa sosai ba.

Wannan hukunci na ido na daga cikin dalilan da suka sa kendo bai shiga Olamfik ba. Masu wasan da yawa ma ba sa so, suna tsoron kada a kawo na'ura mai ƙirga taɓi kawai. Japan ce ke mamaye gasar duniya, sai dai a 2006 a Taipei Amurka ta fitar da ƙungiyar mazanta a wasan kusa da na ƙarshe, Koriya ta Kudu ta ɗauki kofin.

Darajoji

Ana hawa daga matakan kyu zuwa dan, amma babu ɗamara mai launi da za ta nuna matsayin mutum. Mafi girma da ake jarrabawarsa yanzu shi ne dan na 8. Sai mai shekara 46 zuwa sama, wanda galibi ya shekara 10 a dan na 7, yake zama, kuma kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke ci.