Me ake nufi da "fim mai dogon zango"?

Kafin kalmar zango ta shigo harkar fim, ta fatake ce. Ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja fataucin goro ba ya isa a rana ɗaya. Inda suka sauke jakuna suka kwana, nan ne zango, shi ya sa har yau unguwannin Hausawa a Gana ake ce musu zango. Daga nan kalmar ta bi sauran al'amura: akwai zangon karatu, akwai kuma makami mai cin dogon zango da muke ji a labaran rediyo. Fim mai dogon zango shi ne labarin da ba a gama shi a zama ɗaya. Ana yanka shi kashi-kashi, duk mako a fitar da ɗaya, in an yi kashi goma sha wani abu a ce zango na ɗaya ya ƙare. Yara kuwa sizin da efisod suke cewa.

Salon ba sabo ba ne, wanda ya tashi a zamanin Samanja da Karkuzu ya san jiran mako. Abin da ya dawo da shi da ƙarfi shi ne mutuwar kasuwar faifai. 'Yan tura fim a waya sun kashe cinikin CD, furodusa ya rasa inda zai mayar da kuɗinsa, sai talabijin da YouTube suka zama kasuwa. Tashar Arewa24 ta fara Daɗin Kowa a 2015, Kwana Casa'in ya biyo baya da siyasar ƙagaggiyar jihar Alfawa, sannan a 2020, lokacin kullen korona, Labarina da Izzar So suka samu jama'a zaune a gida ba wurin zuwa.

Abin da ke riƙe mai kallo, a ganina, shi ne inda aka tsaya. An buɗe ƙofa, matar ta ga wanda ke tsaye, fuskarta ta canza, sai kiɗa ya tashi, sunaye suka fara hawa. Yayata takan jefar da wayar kan katifa ta ce, "Kai, Allah ya isa!" Kuma ranar da za a saki na gaba ita ce ta fara sayen data. Da tafiya ta yi nisa, mutanen cikin labarin sun zama maƙwabta. A teburin mai shayi za ka ji ana tsegumin Kamaye da Adama na Daɗin Kowa kamar a layin bayanmu suke.

Sai dai wasu sun ɗauki "dogon" sun manta da "zangon". Mota ta shigo, maigadi ya buɗe get, ya rufe, Alhaji ya fito, a gaisa har a tambayi gajiya da kwanan iyali, minti huɗu sun tafi ba a ce komai ba, sannan talla ta shigo.

Mai son dariya ya nemi Gidan Badamasi, attajirin tsoho da 'ya'yan da suka ƙagara su ci gado. Mai son ya ga yadda ake murɗa mulki ya fara da zangon farko na Kwana Casa'in, amma ya tabbata wayarsa cike take da caji.