Ma'anar "farang": raini ne idan matarka 'yar Tailan tana kiranka da shi?

Farang kalma ce da in dai mutum ya shiga ƙasar Tailan ba zai kwana biyu ba sai ya ji ta, a cikin tasi, a kasuwa, a bakin yaran ƙauye suna leƙen baƙo. Da yawansu ma "falang" suke cewa, saboda a maganar yau da kullum harafin r ɗinsu yakan koma l. Ma'anarta a taƙaice dai Bature, farar fata ɗan ƙasashen yamma. Toh inda rigimar take shi ne cikin gida. Mutum ya auri 'yar Tailan sun yi shekara da shekaru tare, har da 'ya'ya, sai ya ji ta ɗau waya tana hira da mamanta, duk maganar ba abin da yake tsinta sai farang kaza, farang kaza, kuma ya san da shi ake. Sai ransa ya ɓaci ya ce ni fa ina da suna, don me matata za ta dinga kirana kamar wanda ya sauka daga jirgi jiya, wannan in ba raini ba meye?

Ni inda na tsaya shi ne kalmar ita kaɗai ba zagi ba ce. Amma kuma ban tare da masu cewa ai al'adarsu ce ka ja bakinka ka yi shiru, don akwai inda take komawa raini ƙarara, kuma ana iya ganewa in mutum ya san abin da zai saurara.

Asalinta ma ba daga Tailan take ba. Akwai wata ƙabila a Turai da ake kira Frank, wadda daga sunanta aka samu sunan Faransa. Lokacin yaƙin Salibiyya Larabawa sai suka ɗauki sunan suka yi wa duk Turawan yamma kuɗin goro da shi, Ifranj, Farisawa kuma suka ce farangi, daga nan kalmar ta bi 'yan kasuwa Musulmi ta yi ta tafiya. A Indiya firangi, a Habasha ferenj, a Kambodiya barang, a Maleshiya har akwai wani bakin teku a tsibirin Penang da ake ce wa Batu Ferringhi. Tsohon babban birnin Tailan, Ayutthaya, cike yake da fatake Farisawa, cikinsu akwai Shaikh Ahmad mutumin Ƙum da ya zo a farkon ƙarni na 17 har ya zama babba a fada, zuri'arsa su ne gidan Bunnag. Turawan Fotugal kuwa tun 1511 suka iso, bayan sun ci Malakka. Shi ya sa masana suka fi karkata ga cewa ta hannun Farisawa kalmar ta shigo, duk da cewa 'yan Tailan da yawa za su ce maka daga "Farangset" ta fito, wato sunan da suke kiran Faransa da shi, saboda jakadun Faransa da suka zo wurin Sarki Narai a 1685. Ko ta ina dai ka bi, gida ɗaya ake komawa, kuma babu zagi a tushen.

Abin da zai ƙara nuna maka haka shi ne yadda kalmar ta shiga kicin ɗinsu. Gwaiba sunanta farang, haka kawai, don ba 'yar ƙasar ba ce, daga waje aka kawo ta. Cingam mak farang. Dankali kuwa man farang, wanda in ka duba daidai yake da yadda mu muke cewa dankalin Turawa, kuma ba wanda ya taɓa jin an zagi wani a cikin wannan sunan. Bahaushe ya san wannan sarai: ka ce "wani Bature ya zo asibiti" ba ka zagi kowa ba, bayani ka yi, amma da wannan bakin kuma ana iya faɗar Bature ko Nasara ta yadda kowa a wurin zai san ba yabo ba ne. Haka farang take. A yankin Isan, arewa maso gabas, da yake sunan gwaiba a yarensu baksida ne, sai suka mayar da shi kan Turawa su ma, kana wucewa ka ji an ce baksida.

Sannan fa ba kowane baƙo ba ne farang, wannan wurin mutane suna yawan kuskurensa. Ɗan Japan ko ɗan Koriya ba farang ba ne, da sunan ƙasarsa ake kiransa. Kalmar hukuma mai nufin ɗan wata ƙasa ita ce "khon tang chat" ko "chao tang chat", ita za ka ji a labarai da ofisoshi. Akwai "tang dao" da aka fi jinginawa ga leburori 'yan Bama da Kambodiya da Laos, kuma wallahi wannan ta fi farang ɗaci nesa ba kusa ba. Kenan farang magana ce ta kama da launin fata, ba ta fasfo ba. Baturen da aka haifa a Bankok, yana jin yaren kamar jakin Kano, har ya samu takardar zama ɗan ƙasa, a idon mai sayar da abinci a titi farang ne har gobe. Kuma ina ganin nan ne ainihin inda yake yi wa mazajen ciwo, suna ji a ransu cewa komai daɗewarsu ba za a taɓa buɗe musu ƙofa duka ba.

Ba kuma a banza suke jin haka ba, gaskiya. Mijin 'yar Tailan ba shi da ikon mallakar fili da sunansa. Kafin a sabunta masa izinin zama na aure duk shekara sai ya nuna baht (kuɗin ƙasar) 400,000 a banki ko kuma samun baht 40,000 a wata, kuma duk kwana 90 sai ya kai rahoton inda yake zaune ga shige da fice. In suka je Babbar Fada a Bankok matarsa ta shige kyauta shi ya biya baht 500, a wasu gandun daji na gwamnati ita 40 shi 400. Mutumin da ƙasa take tuna masa kullum cewa kai baƙo ne, in ya dawo gida ya sake jin haka daga bakin matar da yake kwana ɗaki ɗaya da ita, dole abin ya taɓa shi, ko da ita ba ta nufi komai ba. Ni ban ga laifinsa ba don ya ji zafi.

Ita ma matar tana da nata kayan da take ɗauke da shi, wanda mazajen ba su cika lura ba. Lokacin yaƙin Biyetnam Amurka ta girke dubun dubatar sojoji a sansanonin Udon Thani da Ubon Ratchathani da Korat da Nakhon Phanom da U-Tapao, sai 1976 suka tattara suka fita. A wannan zamanin aka samu kalmar "mia chao", matar haya, kuma tabon bai gama gogewa ba, har yau in aka ce wa mace "mia farang", matar Bature, wani da sha'awa yake faɗa don ya ga ta gina wa iyayenta gida, wani kuma da habaici yake faɗa, wai don kuɗi ta yi. A ƙauyukan Isan surukai Turawa sun yi yawa har suna da sunansu, "khoei farang". Toh idan mace tana waya da danginta ta ce farang ba ya cin barkono, ko farang yana barci, sau da yawa da kalmar da duk ƙauyen suka san shi da ita take amfani, wani lokacin ma sunansa ne yake musu wuyar faɗa, sunaye irin su Charles ko Ralph harshensu ba ya juya su da sauƙi.

Ga kuma wani abu, su mutane ne da kiran mutum da kamarsa bai dame su ba. Kusan kowa yana da sunan wasa da iyaye suke sa masa tun yana jariri, kuma da shi ake kiransa har ya tsufa: Lek ƙarami, Uan mai ƙiba, Daeng ja, Dam baƙi, har Mu wato alade, babban mutum mai muƙami za ka ji ana kiransa da irin wannan ba ya ko ɗaga kai. Wanda ya taso a haka, ka ce masa kiran mutum farang cin fuska ne, da gaske ba zai gane me kake nufi ba da farko.

Amma duk wannan uzurin yana da iyaka, kuma iyakar a bayyane take a cikin yaren nasu. Ka saurari abin da ke gaban kalmar da abin da ke bayanta. In ka ji "ai farang", wannan "ai" ɗin zagi ne in ba tsakanin abokai na ƙut da ƙut ba. A watan Fabrairun 2020 ministan lafiya na lokacin, Anutin Charnvirakul, ya yi amfani da ita a gaban 'yan jarida kan 'yan yawon buɗe ido da suka ƙi karɓar takunkumin da yake rabawa, har ya ce a kore su daga ƙasar, abin ya jawo surutu sai da ya ba da haƙuri. Da a ce ba komai ba ne ai da bai ba da haƙurin ba. In ka ji "farang khi nok", kashin tsuntsu kenan, ana nufin matsiyacin Bature ko marowaci. Sai kuma "man", wadda ake amfani da ita ga dabba ko kaya, ana kuma faɗarta ga yara da abokai cikin sabo, a ƙauye ma ba ta da nauyi sosai, amma mace ta dinga kiran mijinta da ita a gaban baƙi cikin yatsina, 'yan Tailan ɗin da kansu za su ce maka wannan ba tarbiyya ba ce.

Abu na biyu, da wa take magana? Tana yi wa mai tasi bayani a waya cewa za ka ga farang tsaye bakin ƙofa da jar riga, wannan kwatance ne, ba abin da ya fi shi saurin ganewa. Amma ta juyo ta dube ka ta ce kai farang zo ka ci abinci, ko ta gabatar da kai ga ƙawayenta ba suna, wannan daban ne, don yarensu ba ya rasa kalmomin girmamawa. Akwai "khun" da ake sa wa gaban suna. Akwai "phi" da mace take kiran mijin da ya girme ta, kamar a ce yaya. Akwai "thi rak", masoyi, akwai "faen" ga saurayi ko miji, akwai "sami" wato miji a magana ta ladabi, bayan haihuwa ma sai ka ji ana kiransa "pho", baba. Matar da ta auri ɗan ƙasarsu da ɗaya daga cikin waɗannan za ta kira shi. In kai an hana ka duka an bar ka da farang shekara goma, kana da haƙƙin ka tambaya me ya sa.

Yadda za a yi tambayar shi ne wurin da Turawa da yawa suke ɓata lamarin. A Tailan kunyata mutum a gaban jama'a babban abu ne, suna ce masa "sia na", zubewar fuska, wanda ya ɗaga murya kuma shi ake gani da laifi ko da shi ke da gaskiya. In ka tare ta a gaban uwarta da yayyenta kana faɗa, ka yi asara, ba wanda zai ji abin da ka ce sai yadda ka faɗe shi. Ku biyu a ɗaki, cikin natsuwa, ka ce mata na san ba zagina kike ba amma ba na jin daɗinsa, ki kira ni da sunana. Mafi yawa za su yi mamaki su daina, wata ma sai ta sa dangi su laƙaba maka sunan wasa irin nasu, wanda a wurinsu alama ce ta an karɓe ka. Wadda kuma aka gaya wa sau ɗaya sau biyu ta ci gaba, har tana yi tana dariya da ƙawaye don ta ga yana ƙona maka rai, toh wannan raini ne, ba sai an je neman fassara ba, kuma ba na jin matsalar gidan ta tsaya a kan kalma ɗaya.

Mu kuma baƙar fata, musamman 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya kasuwar Pratunam a Bankok suna cin abinci a layin Nana, lissafinmu daban ne. Ba kasafai za a ce maka farang zalla ba. Za ka fi jin "khon Afrika", ko "khon dam" wato baƙin mutum, ko "farang dam" da ta yaɗu tun zamanin sojojin Amurka baƙaƙe. A nan kam ina ganin ya kamata mutum ya fi buɗe kunne, don a ƙasar ana fifita hasken fata sosai, a 2016 sai da wani kamfanin ƙwayoyin bilicin ya janye tallarsa ya ba da haƙuri saboda ta nuna cewa fari kawai ya isa mutum ya yi nasara. Farang tana tafe da zaton kuɗi da gata, "dam" ba ta da wannan rufin asirin. Ga kuma "khaek", asalinta baƙo na gida, amma ana kiran Indiyawa da Larabawa da Musulmin kudancin ƙasar da ita, kuma Musulmin da yawa ba sa son ta, sun fi so a ce musu Musulmi kawai. Duk ɗanmu da ke shirin neman aure a can, waɗannan biyun, "dam" da "khaek", ya kamata ya fara koyon jinsu kafin ya zauna gaban iyayen yarinya a yi maganar "sin sot", kuɗin auren da ake kai musu.