Giyar Leda da Yara Masu Tasowa: Tambayoyi da Amsoshi

Wai da gaske yara na shan giya a Arewa, inda Hisbah ke farfasa kwalabe?

Suna sha. Kwalaben da ake bi ta kai da buldoza a Kano su ake gani a hoto, amma abin da ke shiga hannun ɗan shekara 15 'yar leda ce da ba ta kai ledar fiya wata ba. Ya saya a tasha ko a lungun kasuwa da canjin aike, ya ciji gefe, ya tsotse, ya jefa ledar a kwata, ya tauna cingam, ya shigo gida da sallama.

To 'yar wannan ledar me za ta yi?

Ƙanƙantarta ce ke ruɗin mutane. Giyar kwalba da aka saba, sinadarin maye a cikinta bai cika wuce kashi 4 zuwa 8 cikin 100 ba. Na leda yakan kai kashi 30, wani ma ya fi. Ga shi ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke taka wa mutum birki shi ke zuwa ƙarshe. Shi ya sa wanda ya fara da wuri ya fi saurin kamuwa.

Gwamnati ba ta hana ba ne?

A Disambar 2018 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta yi yarjejeniya da kamfanoni cewa za a daina zuba giya a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, aka ba su shekara 5. A Fabrairun 2024 ta fara aiwatarwa, kamfanoni da ma'aikatansu suka yi ca, aka ƙara wa'adi. Burkutu da ogogoro kuwa ba su taɓa jiran lasisin kowa ba.

Mene ne ya fi hatsari?

Haɗi. Yaron da ke shan leda sau da yawa yana ɗora ta kan kodin, tiramadol ko ƙwayar barci, kuma dukkansu numfashi suke dannewa. Idan aka tsinci yaro a sheme, ana girgiza shi ba ya farkawa, numfashi sama-sama, leɓe ya canza launi, kada a ce "a bar shi ya yi barci, zai sake shi". Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai dole. A kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, a garzaya asibiti, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Kunya ta sha kashe yara a daidai wannan gaɓar.

A kai shi gidan mari?

Ni dai ban ba da wannan shawara ba. Duk mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019: mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Bayan haka, wanda jikinsa ya saba da giya idan aka yanke masa lokaci ɗaya yana iya kama karkarwa da farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, suna duba masu shaye-shaye, ba sai wanda ya haukace ba. Kafin nan, uba ko kawun da yaron ke jin nauyinsa ya zaunar da shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ya tambaye shi yaushe ya fara, me yake haɗawa, wa ke saya masa.