Jan fatsa a tafkuna masu zurfi na Arewacin Amurka

Jan fatsa hanya ce ta su wadda masunci ke sakin zare mai ƙugiya a bayan jirgin ruwa, jirgin yana tafiya sannu a hankali, har kifi ya hango abin da ke wulgawa ya kai masa cafka. Da ita ake kama mafi yawan tirawut na tafki da salmon da masu su na nishaɗi ke fitarwa daga Manyan Tafkuna da ke tsakanin Amurka da Kanada, wato Superior da Michigan da Huron da Erie da Ontario. Ana yin ta kuma a tafkunan Finger na jihar New York da manyan tafkunan arewacin Kanada. Wahalarta ɗaya ce: a lokacin zafi kifin yakan zauna mita 15 zuwa 40 ƙarƙashin ruwa, wani lokaci fiye da haka, alhali zaren da ake ja a bayan jirgi tasowa sama yake yi. Kusan duk kayan aikin wannan su an ƙirƙiro su ne domin a kai ƙugiya ƙasa, kuma ta zauna a can.

Kifayen da ake nema

Tirawut na tafki (Salvelinus namaycush) shi ne ɗan ƙasa. Kifi ne mai launin toka zuwa kore-kore, da ɗigo-ɗigo masu haske a jiki da wutsiya mai tsaga. Ruwan sanyi yake so, wajen digiri 10 a ma'aunin Selshiyos. Ba ya saurin girma, yakan kai shekara shida ko bakwai kafin ya fara ƙwai, kuma yana iya rayuwa shekaru gommai. A watannin kaka yake zuba ƙwai a kan tudun duwatsu da ke ƙarƙashin ruwa, ba ya haƙa musu rami. A Tafkin Superior, wanda zurfinsa ya kai mita 406, akwai wani irinsa mai kitse ƙwarai da ake kira siskowet, mazaunin can ƙasa. Mafi girman tirawut da aka kama da fatsa bisa rajista ya fito ne daga Tafkin Great Bear na Kanada a 1995, nauyinsa kilo 32 da ɗoriya. A 1961 an fitar da mai kilo 46 daga Tafkin Athabasca, amma da raga.

Salmon ɗin da ake kamawa a yau baƙo ne daga gaɓar Tekun Pasifik: cinuk (Oncorhynchus tshawytscha) da koho (Oncorhynchus kisutch). Suna saurin girma, su yi shekara biyu zuwa huɗu a tafki, su hau rafi su yi ƙwai sau ɗaya su mutu. Tafkin Ontario yana da nasa salmon na asali, irin na Atlantika, amma ya ƙare kafin ƙarshen ƙarni na 19 saboda madatsun ruwa da sare dazuzzuka da yawan kamu.

Yanayin ruwan

Idan zafi ya shigo, ruwan tafki mai zurfi yakan rabu hawa-hawa. Na sama ya yi ɗumi, na ƙasa ya tsaya wajen digiri 4, a tsakaninsu kuma akwai siririn hawa inda sanyi ke ƙaruwa farat ɗaya. A wannan hawa da ɗan ƙasa da shi ƙananan kifaye ke taruwa, manya na biye da su. Ba ya tsayawa wuri ɗaya. Iska mai ƙarfi ta kwana biyu tana iya tura ruwan ɗumi zuwa wata gaɓa, mai sanyi ya taso a ɗaya gaɓar, inda aka yi kamu jiya yau a tarar babu komai.

Tarihi

Tun kafin zuwan Turawa, al'ummun Anishinabe, irin su Ojibwe da Odawa, suna kama tirawut da raga da mashi, har ta ramin da suke hudawa a ƙanƙara. A ƙarni na 19 su na kasuwanci ya bunƙasa, ana gishirta kifi a ganguna ana kai shi birane.

Jan fatsa na wancan zamani aikin hannu ne. Mutum ɗaya yana tuƙa kwale-kwale, wani yana riƙe da zaren. Ana danganta ƙera cokalin fatsa na kasuwa, wato ɗan ƙarfe mai walƙiya da ake haɗawa da ƙugiya don ya ja kifi, ga Julio T. Buel na garin Whitehall a New York, wanda ya sami takardar mallakar ƙirƙira a 1852. Labarin da ake bayarwa shi ne cokalin cin abinci ya kuɓuce masa a Tafkin Bomoseen na Vermont, ya ga kifi ya bi shi yana nutsewa yana walƙiya. Masu kawo labarin sun saɓa a kan shekarar da abin ya faru. A tafkunan Finger aka san wani shiri mai dogon zare da dalma a ƙarshensa da cokula da dama a rassa, kowanne a nasa zurfi, wanda ke ɗauke da sunan Seth Green, mai kiwon kifin da ya kafa wurin ƙyanƙyasa a Caledonia a 1864. A can ne kuma aka daɗe ana jan wayar jan ƙarfe da hannu, masunci yana jin cokalin na taɓa ƙasa ta yatsunsa. Har yanzu akwai masu yin haka a Tafkin Seneca. 

Abin da ya rushe wannan tsohon su shi ne lamfire na teku, wata halitta mai siffar maciji, ba ta da muƙamuƙi, sai baki zagayayye cike da haƙora. Takan manne wa kifi kamar matsattsaku, ta huda fata ta tsotse jini. An ƙiyasta guda ɗaya tana iya kashe kifin da ya kai kilo 18 a rayuwarta. An san da ita a Ontario tun wajen shekarun 1830, kuma masana ba su daidaita ba a kan ko 'yar asalin can ce. Gangaren ruwan Niagara ya tare ta daga sauran tafkunan, sai mashigin jiragen ruwa na Welland, wanda aka buɗe a 1829 aka kuma yi ta faɗaɗawa, ya ba ta hanya. An gan ta a Erie a 1921, cikin shekarun 1930 kuma ta isa Michigan da Huron da Superior.

Kafin zuwanta ana fitar da tirawut kimanin kilo miliyan 7 a shekara daga tafkunan sama, wato Superior da Michigan da Huron. Zuwa farkon shekarun 1960 abin ya koma wajen kashi biyu cikin ɗari na wannan. A Michigan kifin ya ƙare ƙaf, a Huron ya rage a lunguna ƙalilan, a Superior ne kaɗai ya tsira da ɗan dama. Wasu masana suna ganin yawan kamu da raga ya riga ya raunana shi, lamfire ta zo ta ƙarasa.

Amurka da Kanada sun ƙulla yarjejeniya a 1954, wadda ta haifi Hukumar Su ta Manyan Tafkuna a 1955. A tashar bincike ta Hammond Bay a jihar Michigan an gwada sinadarai fiye da 6,000 kafin a dace da TFM, mai kashe 'ya'yan lamfire a rafukan da suke girma ba tare da ya yi wa yawancin kifaye lahani mai yawa ba. An fara zuba shi a ƙarshen shekarun 1950. Da shi da shingayen rafi da tarkuna an rage lamfire da wajen kashi 90 cikin ɗari. Aiki ne da ba a gamawa, duk shekarar da aka sassauta sai ta sake yaɗuwa, kuma a kansa duk su na yau ya dogara.

Kafin a kai ga haka wata matsalar ta kunno kai. Wani ƙaramin kifin teku mai suna elwaif ya bi hanyar da lamfire ta bi, aka fara ganinsa a Michigan a 1949. Da yake babu sauran babban kifin da zai ci shi, sai ya cika tafkin. Ba ya jure sauyin sanyi, yakan mutu tuli-tuli. A 1967 gawarwakinsa suka rufe bakin ruwa a Chicago da wasu garuruwa, sai da aka sa katafila tana kwashewa.

A 1964 Howard Tanner ya zama shugaban sashen kifi na hukumar kula da albarkatun jihar Michigan. Shi da mataimakinsa Wayne Tody suka yanke shawarar kawo kifin da zai cinye elwaif, ya kuma ja hankalin masu su na nishaɗi. An sha gwada sakin salmon na Pasifik a tafkunan tun shekarun 1870 bai kama ba. Wannan karon jihar Oregon ta ba da ƙwan koho kusan miliyan ɗaya, aka ƙyanƙyashe, ranar 2 ga Afrilu 1966 aka fara sakin 'ya'yan a Kogin Platte. Cinuk ya biyo baya a 1967. Shawara ce da ta ɗauke tafkin daga hannun masu raga na kasuwanci ta miƙa wa masu fatsa, kuma jami'an jihar da saninsu suka yi hakan.

A kakar 1967 manyan koho suka dawo, suka yi girman da ba a zata ba. Dubban mutane suka yi tururuwa zuwa gaɓar arewa maso yammacin jihar da ƙananan kwale-kwalen da aka yi domin tabkunan cikin gari. Ranar 23 ga Satumba guguwa ta rutsa da su a kusa da Platte Bay, jirage da yawa suka kife, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Duk da haka su na salmon ya kafu. Sauran jihohi da lardin Ontario suka bi sahu, garuruwa irin su Ludington da Manistee da Oswego suka cika da jiragen haya.

Ba a daɗe ana cin moriyar ba tare da tangarɗa ba. A ƙarshen shekarun 1980 cutar ƙoda ta kashe cinuk da yawa a Michigan. A 1988 aka gano wasu ƙananan halittu masu ɓawo, dangin dodon koɗi, masu tace ruwa, waɗanda jiragen dakon kaya suka shigo da su daga Turai. Sun tsotse abincin ƙananan halittu, ruwa ya yi garau amma ya talauce. Wajen 2003 zuwa 2004 elwaif ya rushe a Huron, su na cinuk ya bi shi. Abin lura shi ne bayan haka tirawut ya fara hayayyafa da kansa a tafkin. Jikin elwaif yana ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1, uwar da ta yawaita cinsa 'ya'yanta sukan mutu da ƙyanƙyasa. A 2024 hukumomin da ke kula da Superior suka bayyana cewa tirawut ya farfaɗo a tafkin, bayan aikin shekara kusan saba'in.

Kayan aiki

Na'urar da ta fi sauya wannan su ita ce daunriga. Wani abin naɗe waya ne da ake ɗaurewa a gefen jirgi, da hannu mai miƙewa kan ruwa, a ƙarshen wayar akwai dunƙulen dalma mai kilo 4 zuwa 7. Ana maƙala zaren fatsa a wani ɗan matsi kusa da dalmar, a saukar zuwa zurfin da ake so. Da kifi ya cafka, zaren ya kuɓuce daga matsin, masunci ya yi fama da kifin ba tare da wani nauyi a tsakani ba. Masu su na kasuwanci a gaɓar Pasifik sun daɗe da irin wannan dabara. Ƙaramar ta masu nishaɗi ta yaɗu ne a Manyan Tafkuna wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970.

Akwai zare mai dalma a cikinsa, wanda launinsa ke sauyawa duk bayan kimanin mita 9 domin a san tsawon da aka saki. Akwai faifai mai nutso, irin su Dipsy Diver, wanda ƙarfin ruwa ke dannawa ƙasa yana kuma janye shi gefe. Akwai allunan da ke yawo a saman ruwa suna kai zare nesa da jirgi, waɗanda amfaninsu ya ƙaru tun da ruwan ya yi garau kifi ya riƙa gudun inuwar jirgi. Abin da ake sa wa ƙugiya galibi siririn cokali ne, ko tufka mai ƙyalli a bayan farantin da ke juyawa yana walƙiya, ko yankan kifi. Na'urar duba ƙarƙashin ruwa tana nuna zurfi da garken kifi.

Yadda ake yi

Gudun jirgi yakan kasance kilomita 2.5 zuwa 5 a awa. Tirawut ya fi son a tafi a hankali, dalma tana kusan gogar ƙasa, cinuk kuwa ya fi bin abu mai ɗan sauri a tsakiyar ruwa, musamman da asuba. Masunta sukan yi tafiyar karkace-karkace, domin a kowace kwana zaren ciki yana lafawa ya nutse, na waje ya ƙara gudu ya taso, sau da yawa a nan kifi ke cafka. A Afrilu da Mayu kifi yana kusa da gaɓa, daga ƙarshen Agusta kuma salmon ya fara taruwa a bakin koguna.

Dokoki da saɓani

Kowace jiha da lardi suna da lasisinsu da iyakar kamu. Masu jiragen haya sun fi son a yawaita sakin cinuk, hukumomin tarayya sun fi karkata ga farfaɗo da tirawut. An rage cinuk da ake saki a Tafkin Michigan da kusan rabi a 2013. Haƙƙin su na ƙabilun asalin yankin da suka sa hannu a yarjejeniyar 1836 da gwamnatin Amurka kotun tarayya ta tabbatar da shi a 1979, kuma tun 1985 ana raba kamun ta hanyar yarjejeniyoyin kotu. Hukumomin lafiya suna ba da shawarar taƙaita cin manyan kifayen saboda sinadarai masu guba da ke jikinsu, wato PCB da makuri.

A wasu wurare

A yammacin Amurka tirawut ɗin ne baƙo mai ɓarna. An gano shi a Tafkin Yellowstone a 1994, kuma ana kashe shi da raga domin ceto tirawut na asalin wurin. A Afirka ana jan fatsa domin giwan ruwa a Tafkin Nasser da Tafkin Victoria.