Gocewar ƙoƙon gwiwa daban, gocewar gwiwa daban

Ɗan wasa ya faɗi ya riƙe ƙafa, kafin likita ya iso mai sharhi ya riga ya yanke hukunci: "gwiwarsa ta goce." Sau da yawa ƙoƙon ne ya goce, gwiwar na nan inda take. Haɗa su da ake yi a baki ɗaya ganganci ne.

Ƙoƙon gwiwa ƙashi ne da ke zaune a cikin jijiya. Tsokoki huɗu na gaban cinya suna haɗuwa su zama jijiya ɗaya, ta lulluɓe shi, ta zarce ƙasa ta kama ƙashin ƙwauri. Bayansa akwai guringuntsi mai kaurin da ya kai milimita 5 zuwa 7, babu mai kaurinsa a duk jiki, da shi yake sulɓi a wani kwari da ke ƙarshen ƙashin cinya. Jariri ma da guringuntsi zalla ake haifarsa a wurin, sai tsakanin shekara 3 zuwa 6 yake fara zama ƙashi.

Masu ce masa murfi sun rage masa daraja. Babban aikinsa ɗaga jijiyar ne daga jikin gaɓa don tsoka ta samu ƙarfin miƙe ƙafa. Gwada tura ƙofa daga gefen da aka kafe ta, sannan daga wajen mariƙi, za ka gane. Shi ya sa nauyin da ke kansa a hawan bene yakan ninka nauyin jiki wajen sau 3, a dogon tsuguno kuwa ya kai sau 7.

Idan ƙoƙon ya goce, kusan kullum gefen waje yake yi, don can tsokar cinya ke ɗan jan sa. Ƙafa a kafe, jiki ya juya, siririyar jijiyar da ke riƙe shi ta ciki ta yage, sai ka ga tudu a gefen gwiwa. Yakan koma da kansa in an miƙe ƙafar a hankali, amma ya ga hanya, yana iya sake gocewa, musamman a matasa.

Gocewar gwiwa kuwa, ƙashin cinya da na ƙwauri ne suka rabu. Babbar jijiyar jini da ke bi ta bayan gwiwa tana iya tsinkewa ko toshewa, in aka wuce awa 6 zuwa 8 jini bai sauka ba, ana iya rasa ƙafar. Wannan ba na ja da matsa ba ne, asibiti ake yi nan take, ko da ƙashin ya koma.

Akwai na uku. A Afrilun 2000 jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon Ronaldo na Brazil ta tsinke a wasan Inter da Lazio. A irin wannan rauni, ƙoƙon sama yake hayewa, mutum na kwance ba zai iya ɗaga ƙafar a miƙe ba, kuma sai an yi tiyata an ɗinke.